Yaya ake ƙiyasta ƙasar da ruwa ya kwashe daga filin da aka share domin gini?

Sakataren Ƙungiya, Birnin Kudu

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar injiniyoyi da malaman gona da duk wanda ya san aikin awon ƙasa, a kan wata matsala da ta taso mana a wani ƙauye da ke cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu, inda nake riƙe da muƙamin sakataren ƙungiyar ci gaban gari. A bazarar bara aka kawo gireda aka share wani fili a kan tudun da ke gabas da gari domin a gina makaranta da gidajen malamai. Tsawon filin mita 200 ne, faɗinsa mita 100, wato hekta biyu ke nan. An kankare ciyawa ƙarƙaf, an tumɓuke sabara da kargo, an ture baƙar ƙasar sama an tara ta a gefe guda, sannan aka yi ciko a gindin filin domin a daidaita shi, har cikon ya ɗara tsayin mutum. Ana gama zuba harsashin azuzuwa sai aiki ya tsaya, damina kuwa ta sauka ta tarar da filin tsirara.

Filin yana gangarawa ne ta faɗinsa zuwa fadama, kuma da muka auna da tiyon ruwa irin na magina, mun samu bambancin mita 4 tsakanin samansa da gindinsa. Kafin ƙarshen watan Agusta ruwa ya tsattsaga shi da ƙananan hanyoyi, ya haƙa kwazazzabo guda a inda ya tsallake cikon, ya cika kwalbatin hanyar kasuwa da yashi, sannan ya binne wani sashe na shinkafar wani dattijo da gonarsa ke daura da filin. Yanzu magana tana gaban mai gari. Ɗan kwangila yana cewa ƙasar da ta tafi ba ta wuce tifa biyu ba, hujjarsa kuwa ita ce duk wanda ya tsaya a tsakiyar filin ba zai ga ya ragu ba. Mai gona kuma yana rantsuwa cewa rabin tudun ne ya sauko masa. Mai gari ya ce ba zai yanke hukunci da kintace ba, ya umarce mu da mu kawo lissafi.

Shin akwai hanyar da za a ƙiyasta ƙasar da ta riga ta tafi, ba tare da an ɗauko na'urorin da suka fi ƙarfin aljihunmu ba? Kuma idan har aiki bai ci gaba ba kafin damina mai zuwa, nawa ya kamata mu yi tsammanin za ta sake tafiya, domin mu san girman ramin da za a haƙa a gindin filin ya riƙa tare yashin? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Ruwa, Kano

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Tambayoyinka biyu ba hanya ɗaya ake bi a amsa su ba. Abin da zai tafi nan gaba da lissafi ake ƙiyasta shi, abin da ya riga ya tafi kuwa tef da shebur sun fi lissafi gaskiya a kansa. Zan ɗauki ɓangaren lissafin, tunda shi ne aikina.

Lissafin da aka fi amfani da shi shi ne wanda ake kira USLE, wanda wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Wischmeier da Smith, suka fitar a 1965, suka faɗaɗa shi a 1978, daga baya kuma aka yi masa kwaskwarima a 1997 aka kira shi RUSLE. An gina shi ne a kan awon da aka yi shekara da shekaru a ƙananan filayen gwaji, kuma ma'auninsa wani fili ne mai tsawon mita 22 da ɗoriya, mai gangaren kashi 9 cikin ɗari, wanda aka huɗe aka bar shi ba shuka. Abubuwa biyar ake ninkawa da juna: ƙarfin ruwan sama, wanda ake yi wa alama da R, saurin zaizayewar irin ƙasar, K, tsawon gangare da tsaurinsa, LS, abin da ya rufe ƙasa, C, da dabarun tare ruwa da aka yi a wurin, P.

Ƙarfin ruwan sama shi ne mafi wuyar samu a wurinmu, domin asalin lissafinsa yana buƙatar a san ruwan da ya fi tsanani cikin minti 30 a kowane hadari, tashoshin da ke da irin wannan bayani kuwa ba su da yawa. Amma wani masani mai suna Eric Roose, wanda ya daɗe yana awon zaizaya a Kodebuwa da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, ya gano cewa a yawancin Afirka ta Yamma adadin R yana kusa da rabin milimitar ruwan da ke sauka a shekara. Idan muka ɗauki milimita 800 a matsayin ruwan shekara na yankinku, R ya zama 400 ke nan. Idan kun samu adadin da ya fi wannan inganci daga hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ko ofishin gona, sai ku musanya shi. A lura cewa wannan adadi a kan ma'aunin Amurka yake, saboda haka a ƙarshen lissafi sai an ninka da 2.24 kafin a samu tan a kowace hekta.

Shi kuwa K, jigawa mai yawan rairayi tana kusa da 0.1, domin ruwa yana nutsewa a cikinta kuma ƙwayoyinta suna da nauyi, ƙasa mai lallausar turɓaya wadda ba ta da danƙo kuma tana iya kai 0.3 ko fiye. Domin ku san irin taku, ku zuba ƙasar filin a kwalba zuwa rabi, ku cika da ruwa, ku girgiza sosai ku ajiye. Za ta kwanta hawa-hawa kamar ƙullun koko: yashi cikin minti ɗaya ko biyu, turɓaya bayan wasu awanni, yumɓu kuwa yana iya kwanaki yana dagula ruwan. Kafin ku yi wannan, bari mu ɗauki 0.2. Gangaren mita 4 a cikin mita 100 kashi 4 ne cikin ɗari, kuma a wannan tsawo lissafin yana ba da LS na 0.64. Tunda filin tsirara yake kuma ba a yi wata kunya ko shinge ba, C ɗaya ne, P ma ɗaya ne.

Idan aka ninka 400 da 0.2 da 0.64 za a samu 51, a ninka da 2.24 ya zama kusan tan 115 a kowace hekta a shekara, wato tan 230 a filin gaba ɗaya. Kubik mita guda na irin wannan ƙasa yana da nauyin kusan tan ɗaya da rabi, saboda haka muna maganar kubik mita 150 da ɗoriya, wato tifa 15 idan tifar mai ɗaukar kubik 10 ce. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, idan aka baje wannan asara a kan hekta biyu, kaurinta bai kai milimita 8 ba. Kankare milimita ɗaya tak daga hekta guda kubik mita 10 ne, kusan tan 15. Saboda haka ɗan kwangila bai yi ƙarya ba da ya ce ido ba ya ganin filin ya ragu, sai dai maganar tasa ba hujja ba ce ko kaɗan.

Kada a riƙe adadin nan kamar an auna shi da sikeli. Idan K ya zama 0.1 ya koma rabi, idan ya zama 0.3 ya haura tan 170 a hekta. Sannan matsakaicin shekaru masu yawa yake bayarwa, ba abin da ya faru a damina guda ba, kuma zaizayar saman ƙasa da ta ƙananan hanyoyi kaɗai yake ƙirgawa: bai san kwazazzabo ba, bai san abin da iskar bazara ke kwashewa ba, kuma ba ya faɗin inda ƙasar ta je ta kwanta. Fuskar cikon ma ta fita daga iyakarsa, domin filayen gwajin da aka gina shi a kansu gangarensu tsakanin kashi 3 zuwa 18 ne, alhali fuskar ciko takan kai kashi 50. A irin wannan fuska mai tsawon mita 5, tsohon lissafin, USLE, yana ba da LS na kusan 7, sabon kuma, RUSLE, tsakanin 2 da 3, kuma ko wanne aka ɗauka, kowane taku na fuskar cikon yana zubar da ƙasa ninkin-ba-ninkin abin da tsakiyar filin ke zubarwa.

Inda lissafin ya fi amfani shi ne wajen kwatanta magani da magani. Idan aka datse gangaren gida huɗu da kunyoyi a kwance, kowane yanki mita 25, kuma aka fitar da ruwan kowane yanki ta gefe, LS zai sauka zuwa 0.37, asara ta koma kusan tan 66 a hekta. Idan kuwa aka shimfiɗa ciyawa ko karan hatsi tan huɗu da rabi a kowace hekta aka danne shi, jadawalin 1978 ya ba da C na 0.06, wato asara ta sauka zuwa tan 7 kacal. Rabin wannan shimfiɗa yana ba da 0.2.

Mai Awon Fili, Dutse

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Sai dai ina ba Malam Sakatare shawara kada ya kai wannan tan 230 gaban mai gari a matsayin ƙasar da ta binne shinkafa, domin ɗan kwangila mai wayo zai tambaye shi inda ya samo 0.2 da 400, daga nan kuwa magana ta watse. Gani ya kori ji. Tunda rani ake ciki kuma ba a taɓa filin ba, shaidar tana nan a kwance, a je a auna ta a gaban kowa.

A fara da ƙananan hanyoyin ruwan. A ja igiya a gicciye a kan gangaren a wurare huɗu ko biyar, daga sama zuwa ƙasa, kuma duk hanyar da igiya ta tsallaka a auna faɗin bakinta da zurfinta. Idan hanyar ta tsuke a ƙasa, a ninka faɗi da zurfi a raba biyu. Misali, hanya mai faɗin santimita 30 da zurfin 20 tana da fuskar murabba'in mita 0.03, idan tsawonta mita 60 ne ta ci kubik mita 1.8 ke nan, guda goma sha biyu irinta kuma sun haura kubik 21. Dalilin jan igiya a wurare da yawa shi ne hanyoyin suna ƙara faɗi da zurfi yayin da suke gangarawa, wanda ya auna a gindi kaɗai zai zuzuta asarar, wanda ya auna a sama kaɗai kuma zai tauye ta. Kwazazzabon kuma a raba shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa mita 5, a auna faɗin baki da faɗin gindi a ɗauki tsakatsakinsu, a ninka da zurfi da tsawo. Wanda bakinsa ya kai mita ɗaya da rabi, gindinsa rabin mita, zurfinsa mita ɗaya, idan ya yi tafiyar mita 40 ya ci kubik 40 shi kaɗai.

Zaizayar saman ƙasa ta fi wuyar kamawa, amma tana barin alama. A durƙusa a dubi tsakuwoyin da ke filin, za a ga wasunsu suna zaune a kan ɗan ginshiƙin ƙasa, domin tsakuwar ta kāre abin da ke ƙarƙashinta daga dukan ɗigon ruwa yayin da na kewaye ya tafi. Tsayin ginshiƙin shi ne mafi ƙarancin abin da aka rasa a wurin. Haka kuma a duba jikin harsashin ginin da turakun awo, sau da yawa ana ganin layin inda ƙasa ta tsaya a da. A auna irin waɗannan a wurare ashirin ko talatin a warwatse, kada a zaɓi manya kawai.

Mafi muhimmanci ga shari'arku shi ne gonar dattijon. A shata inda yashin ya kwanta, a kafa turaku kowane mita 5 tsaye da kwance, a haƙa ɗan rami a gindin kowane turke har a iske baƙar lakar fadama. Iyakar da ke tsakanin jan yashin tudu da baƙar laka a fili take, ko yaro zai gane ta, kuma sau da yawa za a tarar da karan shinkafar a kwance a kan layin. A haɗa zurfafan duka a raba da yawan ramuka, a ninka da girman wurin a murabba'in mita. A yi wannan a gaban wakilin mai gari da wakilin ɗan kwangila da mai gona, a ɗauki hoton kowane rami da tef a cikinsa, kowa ya sa hannu a takarda.

Domin damina mai zuwa kuma, a yanka rodi gutsattsari na santimita 40, a kakkafa su a filin tun yanzu a bar santimita 10 a waje, a rubuta lambar kowanne, a sake aunawa a watan Oktoba. A ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a sarari domin auna ruwan kowane hadari da rula. Idan ruwa yana gudu a ɗebi lita guda a bakin mafita, a bari ya kwanta, a shanya lakar a auna nauyinta a ɗakin gwajin wata makarantar sakandare. Ruwan milimita 40 a kan hekta biyu kubik mita 800 ne, idan rabinsa ya gudu yana ɗauke da giram 20 a kowace lita, tan 8 ke nan a hadari guda.

Tsohon Malamin Gona, Ringim

Yarana, duk abin da kuka faɗa daidai ne a takarda, amma bari in ƙara abin da filin gona ya koya mini. Injiniya ya ce a shimfiɗa kara tan huɗu da rabi a hekta, wato tan 9 a wannan fili. A ƙasar nan kara ba shara ba ne. Da shi ake danga da zana da girki, harawa kuma kuɗi ce tsaba, a watan Afrilu da Mayu ma farashinta yakan hau domin dabbobi sun rasa abin ci. Idan kuka baje kara a fili ba shinge, tumaki da shanu za su cinye mai laushin, gara ta ci sauran, iskar da ke zuwa gaban hadarin farko ta kwashe abin da ya rage. Idan za a yi, a nemi tattakar shinkafa daga fadama, wadda ta fi araha, a jinkirta shimfiɗawa sai gab da faɗuwar ruwa, a fara da fuskar cikon da bakin kwazazzabo, a danne da turaku da igiya ko reshen ƙaya.

Abin da ya fi damuna a labarin nan shi ne tarin baƙar ƙasar da aka ture gefe. A cikinta irin ciyawa da taki da saiwoyi suke. Ƙasar da gireda ta tono daga ƙasa ba ta da rai, taya ta danne ta, ruwan farko yana dukanta sai ta yi ɓawo ta zama fako, ruwa ya daina shiga sai gudu. Shi ya sa nake ganin K ɗin da aka samo daga gonakin da ake nomawa zai iya yin kaɗan a kan irin wannan fili. A mayar da baƙar ƙasar nan a baje ta a duk inda ba za a yi gini a bana ba, ko da kaurin yatsu huɗu ne, a farfasa fakon da garma a kwance ba a tsaye ba, za ku ga ciyawa ta rufe wurin da kanta kafin tsakiyar Yuli. Lokacin haɗari shi ne makonnin farko na damina, sa'ad da ruwa ke zuwa da ƙarfi ƙasa kuma ba komai a kanta. A kan kunyoyin da Injiniya ya ambata a dasa gamba ko jema a jere, kusa da kusa, amma a sani sai sun yi damina guda kafin su kama sosai, saboda haka a bana a tallafa musu da jerin duwatsu ko buhunan yashi.

Game da diyya kuwa, a ganina mai gona ba ruwansa da tan nawa suka bar tudu. Abin da ya rasa shi ne buhunan shinkafar da wannan sashe ke ba shi, da kuɗin kwashe yashin, da kuma raguwar amfanin shekarun da ke tafe idan ba a kwashe ba. Yashi mai kaurin yatsa biyu ko uku ana iya juya shi da garma ya gauraya da laka, wanda ya kai taƙi kuwa sai an kwashe, in ba haka ba wurin ba zai riƙe ruwan shinkafa ba. A kan wannan ya kamata a tsayar da magana.

Sakataren Ƙungiya, Birnin Kudu

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malam Mai Awo, Baba kuma Allah ya ƙara girma. Mun yi awon a gaban wakilan kowane ɓangare. Ƙananan hanyoyin sun ba da kubik mita 35, kwazazzabon ya ba da 42. A gonar, yashi ya rufe murabba'in mita 1,200, matsakaicin zurfinsa santimita 7, wato kubik 84, abin da ke cikin kwalbati da bakinsa kuma kusan kubik 6. Ginshiƙan da ke ƙarƙashin tsakuwa yawancinsu tsakanin milimita 4 ne zuwa 6. Yanzu muna da adadi uku da ba su yi daidai da juna ba: 77 daga ramukan da ruwa ya haƙa, 90 daga yashin da ya kwanta, da 150 daga lissafi. Ɗan kwangila ya kama 77 ya riƙe, yana cewa ragowar yashin daga gonakin wasu ya zo. Wanne za mu rubuta, kuma a kan wanne za mu auna ramin?

Jami'ar Muhalli, Hadeja

Malam Sakatare, adadin nan uku ba sa karo da juna, abubuwa uku daban suke aunawa. Kubik 77 abin da ruwa ya yanka ne kawai. Ku ƙara masa zaizayar sama: milimita 5 a kan hekta biyu kubik 100 ne, jimla ta zama kusan 177. Ta hanyar lissafi kuma, 150 na Injiniya bai haɗa da kwazazzabo ba, idan aka ƙara 42 ya zama 192. Hanyoyi biyu da ba su dogara da juna ba sun kawo ku kusa da wuri ɗaya, kuma a wannan fanni ba a cika samun dacewar da ta fi haka ba. Ni zan rubuta cewa tsakanin kubik mita 150 da 200 ne suka bar inda suke, kubik 90 kuma aka samu a kwance a gona da kwalbati. Ragowar wani ya tsaya a lunguna da gindin ciko a cikin filin, wani kuma, wato turɓaya da yumɓu, ya wuce da ruwa. Ƙwayar yashi mai laushi tana nutsewa zurfin mita guda cikin minti biyu, ƙwayar turɓaya tana buƙatar awa biyu zuwa uku, ta yumɓu kuwa kwanaki, shi ya sa abin da kuka tarar a gonar kusan yashi ne zalla. Batun cewa daga wasu gonaki ya zo, launi zai raba gardama: a ɗebi yashin gonar a ajiye kusa da ƙasar cikon da ta gonakin maƙwabta, sannan a bi sawun ruwan a ƙafa daga bakin kwazazzabo zuwa inda ya baje.

Abin da ya wuce ɗin ma ba ɓacewa ya yi ba. Ruwan yawancin ƙasar Kano da Jigawa yana ƙarewa ne a kogin Hadeja da na Jama'are, kuma mu da muke ƙasan kogin mun san sakamakonsa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin gudun kogin ya canza, laka ta riƙa taruwa a hanyoyin ruwa, kacala ta kafu a kanta ta toshe su, ruwan da ya kamata ya wuce gaba ya koma yana malala cikin gonaki da garuruwa. Fili guda ba shi ne sanadin wannan ba, amma kowace hanya da kowane filin gini da aka share aka bari yana ƙara nasa. A wajen doka, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idoji a 2011 a kan harkar gine-gine da kuma a kan zaizayar ƙasa da ambaliya, bayan dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992. Ku nemi takardar kwangilar ku duba abin da ta ce game da magudanan ruwa da gyaran fili, ku kuma kai kwafin awonku sashen ayyuka na ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha.

Ramin kuwa ba a kan yawan yashi kaɗai ake auna shi ba, a kan ruwan da zai tsaya a cikinsa ne har yashin ya samu damar kwanciya. Ƙa'idar da ake bi a wuraren gini a Amurka ita ce kusan kubik mita 250 ga kowace hekta da ke zuba ruwa a ramin, wato abin da zai riƙe gudun ruwa na milimita 25. A filinku kubik 500 ke nan, misali tsawon mita 26, faɗin 13, zurfin mita ɗaya da rabi. Tsawon ya ninka faɗin, ruwa ya shiga ta wannan kai ya fita ta wancan, kuma a jera duwatsu a mafitar domin hadarin Agusta zai cika ramin ya tumbatsa, idan mafitar ƙasa ce zalla wani sabon kwazazzabo za ta haifar. Idan akwai ruwan da ke gangarowa daga saman tudun ya shiga filin, a haƙa masa lambatu a kewaye da shi tun daga sama, in ba haka ba sai an ƙara faɗin wancan wurin a cikin lissafin. Idan aka bi shawarar Baba aka mayar da baƙar ƙasa aka yi kunyoyi, yashin da zai iso ramin zai ragu sosai, amma kada a rage girmansa a shekarar farko.

A sanya turke mai alama a tsakiyar ramin, da zarar yashi ya kai rabin zurfinsa a kwashe, kuma a rubuta tifa nawa aka fitar, domin wannan shi ne awo mafi inganci da za ku samu na daminar bana. Masu buga bulo za su iya ɗauka idan yashin ba shi da laka da yawa. Tunda wurin makaranta ne kuma kusa da hanyar kasuwa, dole a kewaye ramin da waya ko ƙaya, a kwantar da gefunansa kada su yi tsaye, a kuma sa bututun da zai tsiyaye ruwan a hankali cikin kwana biyu ko uku, saboda yara da dabbobi da kuma sauro. A rubuta a cikin takardar sulhun wanda zai ɗauki nauyin haƙawa da wanda zai riƙa kwashewa, da ranar da za a gama, wadda bai kamata ta wuce tsakiyar watan Mayu ba.